Filin Tambaya da Amsa: Satchel Paige, majefin da aka buɗe wa ƙofa yana da shekara 42

A fitowar da ta gabata, cikin amsar da muka bayar game da 'yan wasan da suka daɗe suna taka leda, mun ambaci sunan Satchel Paige, ɗan wasan besbol na Amurka, a layi ɗaya kawai. Wasiƙun da suka biyo baya sun nuna cewa layi ɗaya bai wadatar ba, saboda haka muka keɓe filin wannan wata domin tambayoyin da aka aiko a kansa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bibiyar ƙwallon ƙafa ne, ban san komai game da besbol ba. Kun ce wannan mutum ya buga wasa a babbar gasar Amurka yana da shekara 59. Shin da gaske wasa ya yi, ko dai an fito da shi ne don a karrama shi? Kuma mene ne aikin majefi a wannan wasa? (Daga wani mai karatu a Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sai an san aikin majefi kafin a gane girman abin da Paige ya yi. A besbol ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowacce da 'yan wasa tara, ɗaya tana tsaron fili yayin da ɗayar take turo 'yan wasanta ɗaya bayan ɗaya su doki ƙwallo da sanda. Majefi yana cikin masu tsaron fili. Yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar filin, ya jefa ƙwallo mai tauri wadda girmanta bai wuce lemon zaƙi ba zuwa ga abokin wasansa da ke tsugune a bayan mai duka, tazarar da ta ɗara mita 18 kaɗan. A gaban mai dukan akwai wani farantin roba fari da aka kafa a ƙasa, faɗinsa santimita 43, kuma ana son ƙwallon ta bi ta samansa, tsakanin gwiwar mai dukan da ƙirjinsa. Idan mai duka ya kuskure sau uku ya fita, idan kuwa majefi ya jefa ta a waje sau huɗu mai dukan ya wuce kyauta. Da zarar an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin su yi musayar matsayi, kuma a haka ake zagaye tara kafin a tashi.

Ƙwararrun majefa suna wurga ƙwallon da gudun da ya zarce kilomita 150 a awa, kuma wanda ya fara wasa yakan yi jifa kusan ɗari kafin a sauya shi. Wannan aiki yana cin kafaɗa da gwiwar hannu fiye da kima, shi ya sa majefa da yawa ba sa kai shekara 35 a fili. Sandy Koufax, wanda ake lissafawa cikin mafiya ƙwarewa a tarihin wasan, ya ajiye sana'ar a 1966 yana da shekara 30 kacal saboda ciwon gwiwar hannu.

Amsar tambayarka ta farko kuwa ita ce duka biyun sun faru. Ranar 25 ga Satumba, 1965, mai ƙungiyar Kansas City Athletics, Charlie Finley, ya ɗauko Paige domin wasa ɗaya da Boston Red Sox, kuma babu shakka neman 'yan kallo ne ya sa shi yin haka, domin ƙungiyarsa tana ƙasan tebur a wannan kaka. An ajiye wa dattijon kujera mai lilo a gefen fili, aka sa wata ma'aikaciyar jinya tana shafa masa magani a hannu, duk domin a burge jama'a. Amma wasan na cikin lissafin gasa ne, masu dukan Boston kuma ba su zo da niyyar yi masa sassauci ba. Ya yi jifa zagaye uku cur ba a ci maki ko ɗaya a kansa ba, kuma mutum ɗaya ne kawai, Carl Yastrzemski, ya samu ya doki ƙwallonsa yadda ta yi amfani. Har yau babu wanda ya buga wasa a babbar gasar yana da shekarun da suka kai nasa na wannan rana.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Idan har mutumin ya kai yadda ake faɗa, me ya hana shi shiga babbar gasa tun yana matashi? A ina ya yi shekarun ƙuruciyarsa? (Daga wani ɗalibin jami'a a Damagaram)

AMSA: Launin fatarsa ne ya hana shi, babu wani dalili bayan wannan. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan ƙungiyoyin besbol suka yi yarjejeniyar da ba a rubuta ta ko'ina ba, cewa ba za su ɗauki baƙar fata ba, kuma suka riƙe ta har zuwa 1947. Baƙaƙen Amurka sai suka kafa nasu gasannin. Mafi shahara ita ce wadda Rube Foster ya jagoranci kafawa a birnin Kansas a 1920, kuma a irin waɗannan gasanni Paige ya ƙarar da shekarun da hannunsa ya fi ƙarfi.

An haifi Leroy Robert Paige a garin Mobile na jihar Alabama a 1906, a gidan talakawa mai yawan 'ya'ya, mahaifinsa yana aikin lambu, mahaifiyarsa Lula tana aikatau. Tun yana ƙarami yake dakon jakunkunan matafiya a tashar jirgin ƙasa, kuma daga wannan sana'a, bisa labarin da shi kansa ya bayar, ya samu laƙabin Satchel, wato jaka da Turanci, wanda duniya ta san shi da shi. A 1918, yana da kimanin shekara 12, aka kama shi da ɗaukar kaya a kanti, aka tura shi gidan horon yara baƙar fata da ke Mount Meigs, inda ya zauna har ƙarshen 1923. A can ne wani malami ya koya masa yadda ake ɗaga ƙafa sama a tattara ƙarfin jiki gaba ɗaya a cikin jifa, da yadda ake lura da tsayuwar mai duka domin a gane inda rauninsa yake.

Ya fara wasan kuɗi a Chattanooga a 1926, shekara ta gaba ya koma Birmingham Black Barons, daga bisani kuma ya shiga Pittsburgh Crawfords ta attajiri Gus Greenlee, inda mai cafe masa ƙwallo shi ne Josh Gibson, gwarzon masu duka na wancan zamani. Abin da ya bambanta Paige da sauran masu ƙarfin hannu shi ne saiti. Yakan ajiye takardar cingam a ƙasa a matsayin faranti, ya yi ta jefa ƙwallo ta samanta lokacin atisaye. A wasannin nuni kuwa yakan kira masu tsaron bayan fili su dawo su zauna, ya fuskanci masu duka shi kaɗai, ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sa sunansa kaɗai yake cika fili, har ƙananan ƙungiyoyi suka riƙa hayarsa na rana ɗaya, ya yi jifa zagaye uku, ya karɓi kasonsa daga kuɗin ƙofa, ya wuce gari na gaba.

Rayuwar ba mai sauƙi ba ce. A kudancin Amurka na lokacin, otal da gidan abinci da yawa ba sa karɓar baƙar fata, saboda haka 'yan wasa sukan kwana a cikin mota, su ci abin da aka miƙo musu ta ƙofar baya, su wayi gari su sake fita fili. Albashin gasar kuma ba shi da tabbas, shi ya sa Paige bai ɗauki kwantiragi a matsayin abin da zai ɗaure shi ba. Ya buga wa wata ƙungiya mai haɗa farare da baƙaƙe a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, ya kai ta ga lashe gasar ƙasa ta ƙananan ƙungiyoyi a Wichita a 1935. A 1937 ya bar Crawfords ya tafi Jamhuriyar Dominika tare da wasu abokan wasansa, ciki har da Gibson, suka buga wa ƙungiyar shugaban kama-karya Rafael Trujillo, suka ci masa kofi. Masu ƙungiyoyi sun kira shi marar alkawari, kuma akwai gaskiya a maganarsu, domin tafiyarsa ta taimaka wajen durƙusar da Crawfords. Sai dai ni ina ganin mutumin da aka rufe wa babbar kasuwa, wanda kuma jarinsa duka hannunsa na dama ne, ba shi ne na farko da ya kamata a tuhuma ba idan ya sayar da gwanintarsa ga wanda ya fi biya.

A 1938, yana wasa a Meziko, hannun ya mutu masa, ta yadda ɗaga shi ma ya zama wahala. Ƙungiyoyin da a da suke rububinsa suka juya masa baya. J. L. Wilkinson, mai Kansas City Monarchs, shi ne ya ba shi wuri a ƙaramar ƙungiyarsa mai yawo gari-gari, domin ko da bai iya jifa ba sunansa yana sayar da tikiti. Cikin 1939 ƙarfin hannun ya dawo, kuma a lokacin jinyar ya koyi jifa mai lanƙwasa da mai tafiyar hawainiya, waɗanda a da bai damu da su ba. Wannan ne asirin daɗewarsa, domin lokacin da gudun ƙwallonsa ya ragu yana da dabarun da zai dogara da su. Ya koma babbar ƙungiyar Monarchs, kuma a 1942 suka lashe kofin gasannin baƙar fata bayan sun doke Homestead Grays ta Gibson wasa huɗu a jere.

Kada a ɗauka fararen 'yan wasa ba su san shi ba. Bayan an rufe kaka akan shirya wasannin nuni tsakanin farare da baƙaƙe, kuma a irinsu ya kara da Dizzy Dean a tsakiyar shekarun 1930, ya kara da Bob Feller a 1946. Joe DiMaggio, wanda ya fuskance shi tun yana matashi, ya sha bayyana shi a matsayin majefin da ya fi kowa a cikin waɗanda ya taɓa fuskanta. Masu ƙungiyoyi sun san da wannan duka, suka yi shiru.

Da aka zo karya shingen, ba shi aka zaɓa ba. Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya ɗauki Jackie Robinson, wanda ya buga wa Monarchs tare da Paige a 1945, matashi mai ilimin jami'a kuma tsohon hafsan soja, wanda ya yarda ya fara daga ƙaramar gasa a Montreal kuma ya haɗiye zagi ba tare da ramawa ba. Robinson ya fara wasa a babbar gasa ranar 15 ga Afrilu, 1947. Paige bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba, domin shi ne ya yi shekara 20 yana nuna wa fararen 'yan kallo abin da suke rasawa.

Nasa lokacin ya zo ranar 7 ga Yuli, 1948, ranar da ya cika shekara 42, lokacin da Bill Veeck mai ƙungiyar Cleveland Indians ya sa masa hannu. Babbar jaridar wasanni ta The Sporting News ta ce wasa da hankalin jama'a ne kawai. Cikin watan Agusta ya hana Chicago White Sox cin maki ko ɗaya a wasa biyu da ya yi daga farko har ƙarshe, na biyun a gaban mutum 78,382. Ya ƙare kakar da nasara shida da rashin nasara ɗaya, kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa a kowane zagaye tara bai wuce 2.48 ba. Cleveland ta gama kakar kunnen doki da Boston Red Sox, sai da aka yi wasan raba gardama kafin ta wuce, wanda ke nuna cewa ba don nasarorin dattijon nan shida ba da ba ta kai ko'ina ba. Ta lashe kofin ƙarshe a kan Boston Braves, kuma Paige ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a wannan mataki, ko da yake mutum biyu kawai aka bar shi ya fitar. A wannan kaka ce kuma shugaban gasar ya haramta wata dabara tasa ta ɗan dakatawa a tsakiyar jifa, wadda take ruɗa masu duka su kai sanda kafin ƙwallo ta iso.

TAMBAYA: Na ji an ce babu wanda ya san ainihin shekarunsa. Ko shi ma ya rage shekaru ne kamar yadda ake zargin wasu 'yan ƙwallonmu? (Daga wata mai karatu a Kaduna)

AMSA: Malama, ruɗanin ya samo asali ne daga shi kansa. Ya riƙa ba 'yan jarida shekaru daban-daban, wani lokaci ya ƙara, wani lokaci ya rage, har ya ce akuya ce ta cinye littafin Baibul na gidansu da aka rubuta ranar haihuwarsa a ciki. Ya gane cewa gardamar tana ƙara jawo masa 'yan kallo, sai ya bar ta tana ci. Amma a 1948 Veeck ya nemo takardar haihuwarsa daga hukumar lafiya ta Mobile, kuma tana ɗauke da 7 ga Yuli, 1906. Wannan ita ce ranar da masana tarihin wasan suka tsaya a kai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne da ya san wahalar bin fansho. Abin da nake son sani shi ne yadda wannan bawan Allah ya ƙare. Ya tara abin da ya riƙe shi a tsufa, ko kuwa suna kawai ya bari? (Daga wani dattijo a Katsina)

AMSA: Allah ya ƙara girma, Baba. Tambayarka ta taɓa wurin da yawancin masu ba da labarin Paige suke tsallakewa. Ana yawan ba da labarin jifan da ya yi a tsufa a matsayin abin al'ajabi, kuma abin al'ajabin ne, amma wani ɓangare na dalilin shi ne bai samu halin hutawa ba. Ya samu kuɗi masu yawa a shekarun 1940, har ana lissafa shi cikin 'yan besbol mafiya samu, farare da baƙaƙe, sai dai mutum ne mai hannu sake, mai son motoci da bindigogin farauta da tufafi masu tsada. Gasannin baƙar fata kuma ba su da wani tsarin fansho, ga shi sun rushe ba da daɗewa ba bayan manyan ƙungiyoyi sun kwashe taurarinsu da 'yan kallonsu. Ya auri Lahoma Brown a 1947, suka zauna a birnin Kansas, Allah ya ba su 'ya'ya da yawa, waɗanda suke ƙanana a lokacin da shi ya riga ya manyanta.

Cleveland ta sallame shi bayan kakar 1949, da Veeck ya sayar da ƙungiyar. Veeck ya sake ɗauko shi zuwa St. Louis Browns daga 1951 zuwa 1953, inda aka zaɓe shi cikin taurarin gasar a 1952 da 1953, yana da shekara 46 da 47. Daga nan ya koma ƙananan gasanni, ya buga wa wata ƙungiya a Miami daga 1956 zuwa 1958, ya taɓa Portland a 1961, sauran lokacin kuma ya ci gaba da yawon wasannin nuni a ƙananan garuruwa kamar yadda ya fara tun yana saurayi. A 1968 ya ɗan yi aikin mataimakin jami'in tsaro a birnin Kansas, ya kuma nemi kujerar majalisar jihar Missouri bai samu ba.

Maganar fansho kuwa ga yadda take. A wancan lokaci sai ɗan wasa ya cika shekara biyar a babbar gasa kafin ya cancanci fansho, kuma kwana 158 ne suka rage wa Paige. Shekara 20 da ya yi a gasannin baƙar fata ba a lissafa masa ko kwana ɗaya daga cikinsu ba, alhali waɗanda suka kafa sharaɗin shekara biyar ɗin su ne suka hana shi shiga tun farko. Ya nemi ƙungiyoyi su ba shi wuri domin ya cike gurbin, suka ƙi, sai a watan Agusta na 1968 William Bartholomay na Atlanta Braves ya ɗauke shi a matsayin mai ba majefa shawara, ya sa sunansa cikin jerin 'yan wasa domin ya samu fanshon. Bartholomay ya kyauta, amma bai kamata a ce haƙƙin mutum irin wannan ya dogara ga tausayin attajiri ɗaya ba.

Karramawa ta zo a makare, ita ma da nata miki. A 1966, ranar da aka shigar da Ted Williams zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown, ya yi amfani da jawabinsa ya roƙi a shigar da Paige da Gibson, yana mai cewa damar da ba a ba su ba ce kawai ta hana su kasancewa a wurin. A farkon 1971 aka sanar da cewa an zaɓi Paige, amma za a rataye allon sunansa a wani sashe na daban. 'Yan jarida da tsofaffin 'yan wasa suka yi ca, suna cewa an sake dawo da wariyar da ake iƙirarin gyarawa, sai hukumar ta janye. Ranar 9 ga Agusta, 1971, aka shigar da shi cikakken shigarwa, ya zama na farko da ya shiga saboda abin da ya yi a gasannin baƙar fata. Gibson bai ga irin wannan rana ba, domin ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin Robinson ya fara wasa a Brooklyn.

Bayan wannan, gayyata ta ƙaru kuma samu ya ɗan daidaita. Ya horar da majefa a wata ƙaramar ƙungiya a Tulsa, daga baya kuma aka ba shi muƙamin girmamawa a wata a Springfield, aikinsa shi ne gaisawa da 'yan kallo da sa hannu a kan ƙwallo. Ciwon huhu da na zuciya suka kama shi a shekarunsa na ƙarshe. Ranar 5 ga Yuni, 1982, aka kawo shi a keken guragu bikin sa wa wani filin wasa na birnin Kansas sunansa, kuma bayan kwana uku, ranar 8 ga Yuni, ya rasu yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Forest Hill da ke birnin.

Game da lissafin aikinsa, shekaru da dama littattafan babbar gasa suna nuna masa nasara 28 da rashin nasara 31 kawai, wato abin da ya yi bayan ya haura shekara 42, yayin da shi yake cewa ya yi jifa a wasa kusan 2,500 idan aka haɗa da na nuni. A Disambar 2020 hukumar babbar gasa ta amince cewa gasannin baƙar fata bakwai da aka yi tsakanin 1920 da 1948 suna da matsayi ɗaya da nata, kuma a watan Mayu na 2024 aka haɗa alƙalumansu cikin kundin tarihi. Daga nan Josh Gibson ya hau saman jerin masu duka na duk zamani, ya wuce Ty Cobb, sannan aka mayar wa Paige nasarorin da ya samu a Birmingham da Pittsburgh da birnin Kansas, shekara 42 bayan rasuwarsa.